Manyan Kalmomin Ingilishi da Ɗalibin Damagaram: Abin da Ya Gada da Abin da Ya Rage Masa

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2025, Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, ya kuma jera Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga ɗalibin kimiyyar harshe a Damagaram, dokar ta tarar da buƙatar da ta daɗe da zama dole. Manyan ayyukan da aka yi a kan Hausa ita kanta, akasarinsu da Ingilishi aka rubuta su: ƙamusun Bargery na 1934, da bayanin Parsons na 1960 a kan azuzuwan aikatau, da babban littafin nahawu na Paul Newman na shekarar 2000. Wanda kuma ya ƙudurta ƙaro karatu a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da wannan harshe zai cika takardar neman shiga, da shi kuma zai karanta mafi yawan abin da za a ɗora masa.

Dabarar da ɗalibai suka fi kamawa ita ce su kwafo jerin "manyan kalmomi" daga littafi ko intanet, su yi ta haddacewa daga sama zuwa ƙasa. Irin wannan jeri galibi an tsara shi ne domin yaron da Ingilishi ne harshen gidansu, wanda gajerun kalmomi ba sa ba shi wahala, dogayen ne baƙi a wurinsa. Ɗalibin da ya taso a Hamdara, cikin gundumar Mirriya, lissafinsa daban ne. Ya sha Hausa a nono, ya taɓa Larabci a makarantar allo, ya yi firamare da Faransanci, sai a ajin farko na kwaleji ya haɗu da Ingilishi. Wannan maƙala za ta nuna cewa mafi yawan kalmomin da ake tsoratar da shi da su tuni suna hannunsa, cewa kaɗan daga cikinsu tarko ne, kuma aikin da ya fi cin lokaci yana can inda ba a cika dubawa ba. An zaɓi kalmar Ingilishi a nan da gangan, domin a wannan gefen iyaka "Turanci" yakan iya nufin Faransanci.

Yadda Ingilishi ya tara kalmominsa

Asalin Ingilishi harshe ne na dangin Jamusanci. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi, daga nan Faransanci ya zama harshen fada da shari'a da masu ƙasa na tsawon kusan shekara 300. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gudanar da shari'a da Ingilishi, ita ma dokar da Faransanci aka rubuta ta. Bayan haka, a ƙarni na 16 da na 17, malamai suka kwaso dubban kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci domin ilimin likitanci da falsafa da addini. Ƙididdigar da Finkenstaedt da Wolff suka wallafa a 1973, a kan kalmomi kimanin 80,000 na wani ƙamusun Oxford, ta ba Faransanci kusan kashi 28 cikin 100, Latin ma kusan 28, alhali tushen Jamusanci bai wuce kashi 25 ba.

Wannan tarihi ya bar Ingilishi da benaye uku. Abu guda yakan sami kalma ta gida, da ta fada, da ta littafi: *ask*, *question*, *interrogate*, ko *kingly*, *royal*, *regal*, ko *rise*, *mount*, *ascend*. Dabbar da ke kiwo tana da sunan gida, *cow* da *sheep*, namanta kuwa da ya isa akushin masu mulki yana da sunan Faransanci, *beef* da *mutton*.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan gini. Yana cewa gardama a dandali, muhawara a majalisa. Yana duba abu, malami kuwa yana nazarinsa. Jaki ya mutu, maƙwabci ya rasu, babban shehi ya yi wafati. Benen sama na Hausa Larabci ne, kamar yadda benen sama na Ingilishi Faransanci da Latin ne. Greenberg ya nuna a 1960 cewa wasu kalmomin ilimi, irin su karatu da rubutu, ta hannun Barebari suka iso Hausa, batun da ba zai ba mutumin Damagaram mamaki ba, ganin tsohuwar alaƙar masarautar da Borno.

Gadon da ke hannu

A shekarar 2000, Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington ta fitar da jerin kalmomin da suka fi yawo a rubuce-rubucen ilimi, bayan ta tace matani na kalmomi kusan miliyan uku da rabi. Jerin ya ƙunshi iyalan kalmomi 570, waɗanda ke cike kusan kashi 10 cikin 100 na kowane shafin littafin jami'a, kuma fiye da kashi 80 daga cikinsu asalinsu Latin ne ko Girkanci. Ɗalibin da ya ci jarrabawar BAC da Faransanci, in ya duba *analyse*, *concept*, *hypothesis*, *significant*, *structure* da *variable*, zai ga fuskokin da ya sani tun yana sakandare. Haddace su daga tushe ɓata lokaci ne. Abin da yake bukata shi ne ya san ƙa'idojin da ke mayar da sigar Faransanci ta koma ta Ingilishi, kuma ba su da yawa.

A wajen ɗafa-ƙeya, *-té* yakan koma *-ty*, kamar a *liberté* da *liberty*. *-Eux* ya koma *-ous*, kamar a *dangereux* da *dangerous*. *-Aire* ya koma *-ary*, kamar a *nécessaire* da *necessary*. Waɗannan kowa yakan gano su da kansa. Waɗanda ke ɓuya su ne na sauyin sauti. Ingilishi ya ari kalmomi da dama tun kafin Faransanci ya zubar da baƙin *s* a gaban wani baƙi, saboda haka sau da yawa inda aka ga ƴar hular nan a kan wasali, akwai alamar *s* a Ingilishi: *forêt* da *forest*, *côte* da *coast*, *maître* da *master*, *fête* da *feast*. Haka nan *é-* na farkon kalma yakan yi daidai da *s-*: *état* da *state*, *étrange* da *strange*, *épice* da *spice*. Karin harshen Normandi kuma ya bar tambarinsa, inda yake da *w* a gurbin *g* na Faransancin Paris: *guerre* da *war*, *gage* da *wage*, *garantie* da *warranty*.

Akwai misali guda da ya cancanci a tsaya a kansa. Kalmar *hospital* ta taso daga Latin, ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi da *s* ɗinta. Faransanci ya zubar da baƙin ya koma *hôpital*. Hausa ta aro daga Ingilishi ta ce asibiti. Ke nan baƙin da Paris ta yar ƙarnoni da suka wuce yana nan da ransa a bakin Bakano.

Wannan ya kawo gado na biyu, wanda ba a cika lissafawa ba. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 ta raba Hausa gida biyu wajen aro: a nan ana cewa lakwal da buro da kamiyo da farfe, a can ana cewa ofis da gwamna da direba. Amma fatauci tsakanin Zinder da Kano bai taɓa tsayawa ba, kuma sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957. Saboda haka kunnen mutumin Hamdara ya saba da kotu, lauya, kwamiti, kamfani, sakatare, injiniya da kwangila, waɗanda ba wasu ba ne illa *court*, *lawyer*, *committee*, *company*, *secretary*, *engineer* da *contract* sanye da rigar Hausa.

Saiwa da iyakarta

Wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san cewa hukunci da hukuma da hakimi da hikima ƴan gida ɗaya ne, daga saiwar Larabci mai baƙaƙe uku. Dabarar ita ce dai a Latin. Saiwar *scrib* tana nufin rubutu, kuma da ɗafa-goshi ake sarrafa ta: *describe*, *inscribe*, *transcribe*, *subscribe*, *prescribe*, *proscribe*. Biyun ƙarshe wasali ɗaya ya raba su, amma na farko umarni ne da a yi, na biyu hani ne. Saiwa ashirin ko talatin irin wannan, tare da ɗafa-goshi goma sha, suna buɗe ɗaruruwan kalmomi.

Sai dai saiwa tana nuna inda kalma ta fito ne, ba ta ba da tabbacin inda ta sauka. *Manufacture* asalinta yin abu da hannu, yau kuwa aikin inji ce a masana'anta. Ɗafa-goshin *in-* yakan kore ma'ana, amma *invaluable* tana nufin abin da darajarsa ta wuce ƙima, *inflammable* kuma abin da ke saurin kama wuta, kuskuren da zai iya ƙona ɗaki. Hausar Nijar ma tana da nata shaidun. Likita daga *doctor* ta fito, amma a nan takan nufi gidan da ake jinya. Mushe daga *monsieur* ta fito, ta taƙaita ga malamin makarantar boko, kuma karin sauti ne kawai ya tserar da malamin daga zama abin da ya mutu ba yanka. Kalmar aro ba ta cika zama inda aka sauke ta ba.

Abokan ƙarya

A shekarar 1928 Koessler da Derocquigny suka wallafa littafi a kan kalmomin Ingilishi da ke yaudarar mai jin Faransanci, suka raɗa musu suna *faux amis*, wato abokan ƙarya. Yawansu bai kai na abokan gaskiya ba ko kusa, amma ɓarnarsu ta fi girma, domin ɗalibi ba ya duba ƙamus a kan kalmar da yake ganin ya sani. Baƙuwar kalma takan tsayar da mai karatu. Abokiyar ƙarya kuwa wucewa yake yi da ita, da kuskurensa a aljihu.

A ɗauki wasiƙar neman gurbin karatu. Mai tunani da Faransanci zai so ya ce *je demande*, wato yana roƙo, sai ya rubuta *I demand*, wanda a kunnen mai karɓar wasiƙar magana ce ta mai bin bashi da ya ƙosa. Zai so ya ce ya zauna jarrabawa, *passer un examen*, sai ya rubuta *I passed*, ya yi da'awar cin jarrabawar da sakamakonta bai ma fito ba. Zai ga *delay* ya ɗauka wa'adi ne kamar *délai*, alhali jinkiri ce. Zai ce ya yi *assist* a wani taro yana nufin ya halarta, mai karatu ya fahimci cewa ya taimaka wajen shirya shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya sa a ajiye takarda gefe ba tare da an faɗa wa mai ita dalili ba.

A fagen kimiyyar harshe tarkon ya fi kusa da ƙafa. *Phrase* a Faransanci jimla ce cikakkiya; a Ingilishi yankin jimla ce, jimlar kuwa *sentence*. Ɗalibin da ya karanta babin Newman a kan *noun phrase* da ma'anar Faransanci a ransa zai yi ta neman aikatau inda babu shi, domin yankin suna ake nufi. Abin da Faransanci ke kira *proposition* a nahawu, wato ganga, Ingilishi *clause* yake ce masa. *Evidence* hujja ce da ake kafawa, ba abin da ke bayyane ƙarara ba kamar *évidence*. Faransanci yana da *temps* guda, Ingilishi ya raba *time* da *tense*. A wani wurin kuma Faransanci ne ya fi yalwa: bambancin da Saussure ya yi tsakanin *langue* da *langage*, Ingilishi ya cusa shi cikin *language* ɗaya, shi ya sa marubutansa sukan bar kalmomin Saussure yadda suke.

Maganin da ya fi kama jiki shi ne a daina fassara Ingilishi da Faransanci a littafin ajiyar kalmomi. Duk lokacin da aka rubuta *actually* kusa da *actuellement*, ido yana ƙara ɗaure su, ko da an ja layi an ce sun bambanta. In kuwa aka rubuta "a haƙiƙa" gaban ta farko, "a halin yanzu" gaban ta biyu, Hausa ta shiga tsakani ta raba su, don babu kamar da za ta ruɗi ido. Haka *eventually* "daga bisani", *éventuellement* "in ta kama". *Sensible* ta Ingilishi "mai hankali", ta Faransanci "mai saurin jin abu a rai". *Deception* "yaudara", *déception* "takaicin rashin cikar buri". *Resume* "ci gaba bayan tsayawa", *résumer* "taƙaita". Wani lokacin ma kalmar aro ta riga ta yi aikin: wanda ya san lacca da laburare ba zai ɗauki *lecture* a matsayin karatu ba, ko *library* a matsayin kantin littattafai. Ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, na 1990, ya fi amfani a wannan aiki fiye da yadda ɗaliban Nijar suka ɗauke shi.

Inda wahalar take

Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta rubutun Ingilishi na yau da kullum ba tare da taimako ba yana bukatar iyalan kalmomi tsakanin 8,000 da 9,000, domin ya gane kashi 98 cikin 100 na abin da ke shafi, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. Faransanci ya biya wa ɗalibin Damagaram babban kaso na wannan bashi. Ragowar kuwa kalmomin benen ƙasa ne, waɗanda ba su da dangi a Faransanci ko Larabci: *yield*, *shift*, *wield*, *thorough*, *hence*, *albeit*, *unwieldy*. Akwai ɗalibin da zai gane *morphophonological* nan take, ya tsaya cik a kan *though* da *through* da *thorough*.

Mafi tsanani su ne aikatau masu ɗauke da ƴar kalma a bayansu. Marubucin ilimi yakan ce *carry out*, *account for*, *rule out*, *bring about*, *point out*, *draw on*. Kowace gaɓa sananniya ce, ma'anar haɗin kuwa ba ta fitowa daga tara su. Faransanci ba shi da abin da zai bayar a nan, amma Hausa tana da shi. Aikin da Ingilishi ke yi da ƴar kalma, Hausa da wasalin ƙarshe take yin sa. Ci da cinye, sha da shanye, saya da saye: wannan aji na huɗu ne a tsarin Parsons, mai nuna ƙarewar aiki kakaf, kuma shi ne bambancin *eat* da *eat up*, *drink* da *drink up*, *buy* da *buy up*. Shiga da shigo, fita da fito, aji na shida mai nuna tahowa wajen mai magana, su ne *go in* da *come in*, *go out* da *come out*. Daidaiton bai cika ko'ina ba, domin *give up* da *put up with* ba su bi wannan hanya ba. Su kuma sai a kama su kamar yadda baƙo ke kama ci amana, ci bashi, ci sarauta, sha kashi da sha iska: a dunƙule, ba tare da tambayar me aka tauna ko me aka kurɓa ba.

Wannan ya shafi abokan zaman kalma gaba ɗaya. Bahaushe yana yanke shawara, yana ɗaura aure, yana ƙulla yarjejeniya, kuma wanda ya musanya aikatan nan an gane baƙo ne ko da nahawunsa bai karye ba. A Ingilishi ana *conduct research*, ba a cewa *make a research*, kuma *research* da *information* da *evidence* ba su cika ɗaukar jam'i ba, saɓanin *des recherches* da *des informations*. Kalmar da aka haddace ita kaɗai rabinta aka samu.

Sauran rabin kuma akwai furuci a ciki. Faransanci yana sauke nauyi a gaɓar ƙarshe, Ingilishi kuwa yana matsar da shi: a *photograph* gaɓar farko ake dannawa, a *photography* ta biyu, a *photographic* ta uku. Kalmomin gado sun fi faɗawa wannan rami, saboda harshe yakan furta su yadda ya saba. Ɗalibin da ya koyi sa alamar karin sauti da tsawon wasali domin raba garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, yana da kunnen da ake bukata. Abin da ya rage shi ne ya ja layi ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa a duk kalmar da ya ajiye.

Tsarin aiki

Kalmomin da za a koya su fito daga abin da ake karantawa, babi ɗaya na littafin da darasi ya wajabta. Kowace kalma da ta tsayar da mai karatu, ko ta yi kama da Faransanci har ta ƙi zama daidai a jimlar, sai ta sami ƴar takardarta: a gaba kalmar da jimlar da aka same ta a ciki, a baya ma'anarta da Hausa da abokin zamanta guda. Kalmar gado tsantsa ba ta bukatar takarda, duba ɗaya a ƙamus ya isa a tabbatar ba tarko ba ce.

Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta lafa. A kan wannan Sebastian Leitner ya gina dabarar akwati mai ɗakuna a 1972: takardar da aka amsa daidai ta matsa ɗakin gaba, inda ake jinkirta bitarta, wadda aka kasa ta koma ɗakin farko, inda ake duba ta kullum. Kwalin sukari da almakashi sun isa, ba a bukatar kuran ko kuɗin intanet. Almajirin da ke tilawar abin da ya wanke daga allo makonni da suka wuce yana bin wannan ƙa'ida tun kafin a ba ta suna.

Akwai gargaɗi guda game da rubutu. Da yake kalmomin Latin ne suka fi zuwa masa da sauƙi, ɗalibin da ya fito daga Faransanci yakan cika takardarsa da su: *utilize* a gurbin *use*, *commence* a gurbin *begin*, *necessitate* a gurbin *need*. George Orwell ya soki wannan ɗabi'a a wata maƙala ta 1946, Hausawa kuma suna da sunan da suka ba ta, dogon Turanci. Mai duba takarda a Kano ko Landan yakan gane asalin marubuci daga sakin layi na farko. Atisayen da ya dace shi ne a ɗauki sakin layin da aka riga aka rubuta, a ja layi ƙarƙashin kowace kalma mai gaɓa huɗu ko fiye, a nemi gajeriyar ƴar'uwarta ta benen ƙasa. Inda kalmar ta fannin ilimi ce, kamar *reduplication* ko *palatalization*, a bar ta yadda take. Inda kuwa *demonstrate* ce ta zauna a gurbin da *show* zai wadatar, a sauke ta.